Tuwon Masara da Abin da Ya Rage Masa

A ƙasar Yankara da ke ƙaramar hukumar Faskari, da maƙwabtanta na Ƙanƙara da Sabuwa, masara da dawa su ne jigon cimaka, ta yadda gidaje da dama kan karya kumallo da koko, su kwana da tuwo. Aikin hatsi shi ne ba da kuzari, domin galibinsa sitaci ne, wanda jiki ke narkarwa ya mayar da shi sukari. Sai dai ƙoshi daban, ginuwar jiki daban, saboda akwai buƙatu biyu da hatsi ba ya biya shi kaɗai: furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka da jini, da kuma bitamin da ma'adanai, waɗanda kaɗan ake bukata amma rashinsu kan jawo cuta.

Furotin ya ƙunshi ƙananan tubala da ake kira amino asid, kuma tara daga cikinsu jiki ba ya iya samar da su, dole sai daga abinci. Masara tana da ƙarancin ɗaya da ake kira laisin, wanda wake da waken suya ke da shi a wadace, shi ya sa haɗin koko da ƙosai ko shinkafa da wake ya fi kowannensu amfani idan an ci shi kaɗai. Abin takaici ne a ce manomin da ya shuka waken suya ya kai shi kasuwa kacokan, alhali awara ko garinsa a cikin kunu zai maye gurbin naman da tsada ta hana yaransa.

Sauran aikin na miya ne. Zogale da kabewa da manja suna ba da bitamin A, wanda rashinsa ke haddasa dundumi, yayin da hanta da nama da ganye ke ba da sinadarin ƙarfe mai hana ƙarancin jini, musamman ga masu juna biyu. Shan shayi tare da abinci yana rage ƙarfen da hanji ke tsotsa, lemo da gwaiba kuwa suna ƙara shi. Gishiri mai aidin yana kare mutum daga maƙoƙo.

Illar rashin waɗannan sinadarai ta fi tsanani a kwana 1,000 na farkon rayuwa, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma lamarin ya fi muni a Arewa maso Yamma, inda rashin tsaro ya ƙara raba manoma da gonakinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla, ko ruwa ban da shi, har wata 6, daga nan a fara ba shi kunu mai kauri da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya ko ƙwai, domin tsararon kunu yana cika ƙaramin ciki da ruwa ne kawai.