BABI NA UKU: RUMBUN GWAMNATI DA SITON HAYA A YANKIN DUDUNNI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin rumbun gargajiya da ire-irensa da matsayinsa a gidan Bahaushe. A wannan babi kuwa za a duba wasu ma'ajiyai guda biyu da suka shigo daga baya, wato rumbun gwamnati da siton da ake kamawa haya a hannun masu hali. An ɗauki Dudunni, wadda mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Kusada, tare da maƙwabciyarta Kankiya, a matsayin wurin misali. Manufar babin ita ce a nuna cewa ajiyar hatsi tana cin kuɗi, kuma duk inda rumbun gwamnati ya gaza, kuɗin nan yana zagayowa ne ya faɗa kan ƙaramin manomi.

3.1 Dalilin Ajiyar Hatsi

A wannan yanki damina ɗaya ake yi a shekara, kuma ba ta cika wuce wata huɗu ba. Gero da dawa da masara da waken da aka girbe da kaka su ne za su riƙe gida har wata kakar. Saboda haka farashi yakan faɗi da kaka, lokacin da kowa ya kai kasuwa, ya soma tashi da bazara, ya kai maƙura a tsakiyar damina kafin tumu ya nuna.

Hill (1972), a binciken da ta gudanar a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna cewa wannan hawa da sauka na farashi yana cikin abubuwan da ke raba manomi mai ƙarfi da talaka. Mai ƙarfi yana iya rufe rumbunsa ya jira, talaka kuwa dole ta sa ya sayar da wuri. Haka kuma Watts (1983), wanda ya yi aiki a Kaita, ya bi tarihin yunwa a ƙasar Hausa, har da Kakalaba ta wajen 1914 da farin farkon shekarun 1970. Tun kafin zuwan Turawa Hausawa sun san rumbun tsimi, wanda ba a buɗewa sai an shiga wani hali. Rumbun gwamnati na zamani wannan aikin ne aka ɗora masa, sai dai shi na ƙasa ne baki ɗaya.

3.2 Shigowar Gwamnati Cikin Ajiyar Hatsi

A shekarar 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin cinikin amfanin gona. Ta auduga tana Funtuwa, ta gyaɗa tana Kano, ta hatsi kuwa tana Minna. Aikin Hukumar Hatsi shi ne ta saya a hannun manoma a kan farashin da aka tsayar, ta ajiye, ta fitar in an shiga tsada. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe waɗannan hukumomi a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, aka bar cinikin hatsi a hannun 'yan kasuwa.

A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka ɓullo da shirin rumbun tsimi na ƙasa. Tsarin ya kasa nauyin ajiya gida uku. Gwamnatin Tarayya za ta riƙe kashi 5 cikin 100 na abin da aka noma, jihohi su riƙe kashi 10, sauran kashi 85 kuma su zauna a hannun manoma. Wannan rabo ya nuna cewa tun daga tushe ba a yi nufin rumbun gwamnati ya ɗauke amfanin gonar manomin Dudunni ba. An bar masa mafi yawan nauyin ne, shi da rumbunsa na ƙasa ko na kara.

3.3 Yawan Abin da Rumbun Gwamnati ke Ɗauka

Ya zuwa 2018 Gwamnatin Tarayya tana da cibiyoyin rumbunan ƙarfe 33 a faɗin ƙasar nan, waɗanda aka tsara su ɗauki hatsi sama da tan miliyan 1.3. A Jihar Katsina akwai cibiyar Dutsinma, yamma da Kankiya, mai ɗaukar tan 25,000. Idan aka auna da buhu mai kilo 100, wannan ya kama buhu 250,000, ko kuma lodin tirela fiye da 800 in kowace ta ɗauki tan 30.

Wannan adadi yana da girma a baki, amma yana da kyau a gwada shi da yawan jama'a. A ƙidayar 2006 mutanen Kankiya da Kusada, in aka haɗa su, sun kai kimanin 250,000. Ke nan da za a cika rumbun Dutsinma maƙil a ba su su kaɗai, kowa buhu ɗaya zai samu. In kuwa aka raba wa jihar duka, wadda a waccan ƙidaya take da mutum kimanin miliyan 5.8, rabon kowa bai kai kilo biyar ba, wato abin da bai wuce tiya biyu ba. Ga shi kuma rumbun na tarayya ne, ba na Katsinawa kaɗai ba. A watan Afrilu na 2020, lokacin kullen cutar korona, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin fitar da tan 70,000 daga rumbun tsimi na ƙasa, kuma a ciki an tsara ɗibar masara tan 12,500 da gero tan 5,000 daga Dutsinma. A Fabrairun 2024 ma Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin fitar da tan 42,000 saboda tsadar abinci.

Bugu da ƙari, girman rumbu daban, abin da ke cikinsa daban. Kafin a cika shi sai an ware kuɗin saye, kuma a saki kuɗin da kaka, ba bayan farashi ya tashi ba. Rumbun ƙarfe yana buƙatar wutar lantarki domin injin busarwa da na shigar da iska, yana buƙatar feshi da gyara da ma'aikata. Wannan ɗawainiya na cikin dalilan da suka sa a Satumban 2018 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a ba kamfanoni hayar kimanin cibiyoyi 20 na tsawon shekara goma. Ministan Gona na lokacin, Audu Ogbeh, ya ce gwamnati za ta samu kimanin naira biliyan 6 daga hayar. Ta haka rumbunan da aka gina da dukiyar jama'a su ma suka shiga sahun wuraren da ake biya kafin a yi ajiya.

3.4 Siton Haya da Tsadarsa

Giɓin da gwamnati ta bari siton haya ne ya cike shi. Sito ɗaki ne na bulo da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, wanda ake ginawa a gefen kasuwa ko a bakin titi. Ƙanana suna nan a kasuwannin karkara, manya kuwa sun fi yawa a wurare kamar Funtuwa da Dawanau ta Kano, inda hatsin wannan yanki yakan nufa ta hanyar Katsina zuwa Kano da ta ratsa Kankiya. Akan kama sito na shekara, a biya kafin a shiga, ko kuma a biya bisa yawan buhunan da aka ajiye.

Kuɗin haya ba shi kaɗai ne kuɗin ajiya ba. Wanda ya kama sito yana ɗauke da waɗannan:

(a) kuɗin mota daga ƙauye zuwa sito;
(b) ladan 'yan dako, na saukewa da na lodi;
(c) kuɗin buhuna da katakon da ake jera su a kai don gudun laima;
(d) maganin ƙwari da na ɓera;
(e) albashin maigadi da kuɗin kasuwa;
(f) asarar nauyi, domin hatsi yana ƙara bushewa, wani kuma ƙwari su ɓata;
(g) jarin da aka ɗaure na tsawon wata shida ko bakwai ba a juya shi ba.

Wani abin lura shi ne, hayar shekara ba ta raguwa don kaya sun yi kaɗan. A misali, in aka kama siton da ke cin buhu 500 aka zuba masa 250, kuɗin hayar da ke kan kowane buhu ya ninka. Wannan ne ya sa haya take yi wa babban ɗan kasuwa sauƙi, take kuma gagarar manomi mai buhu goma. Sannan da kaka ne kowa ke neman sito, saboda haka mai ɗaki ne ke da ta cewa. Ita kanta hukuma, in ta sayi hatsin agaji ko na azumi ba ta da wurin zubawa a kusa, wannan layi take bi, kuma abin da aka kashe a haya ragi ne a kan yawan buhunan da za a saya.

3.5 Wanda ke Biyan Kuɗin Ajiya

Ɗan kasuwa ba ya biyan haya daga aljihunsa. Yana rage ta ne daga farashin da yake saye da kaka, ya kuma ɗora ta a kan farashin da yake sayarwa da damina. Manomin Dudunni kuwa yana tsaye a ɓangarorin biyu. Da kaka bashin taki da hidimar aure da kuɗin makaranta da na asibiti suna sa shi ya ɗebi hatsi ya kai kasuwa lokacin da ya fi araha. Da damina, rumbu ya yi ƙasa ga aikin gona, sai ya koma kasuwa ya auno irin hatsin da ya sayar, da tsada. Wanda bai da kuɗin awo yakan ci falle, wato bashin da ake biya da hatsi in kaka ta yi, kuma wannan yana nufin amfanin baɗi ma ya riga ya fita hannunsa. Masu iya magana kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ba ya nufin mai sito azzalumi ne. Ba don shi ba da hatsi mai yawa ya lalace, ko kasuwa ta bushe da damina. Sai dai iyakar da ke tsakanin ajiya da ɓoyo takan jawo saɓani. A Fabrairun 2024 Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu manyan sito goma a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar kuma suka musanta, suka ce ajiya ce irin ta sana'a. Muddin gwamnati ba ta da isasshen hatsin da za ta fitar ta karya farashi, abin da ya rage mata shi ne ta kai hannu ga kwaɗon siton wani.

3.6 Misalai Daga Wasu Ƙasashe

A Indiya, Hukumar Abinci da aka kafa a 1965 ta daɗe tana kama sito haya domin nata ba sa isa. A 2008 aka fito da tsarin da ɗan kasuwa zai gina sito, hukuma ta ba shi tabbacin kama shi na shekaru, a kan farashin da aka daidaita tun farko. Wannan yana hana a tsawwala wa hukuma a lokacin girbi.

A Jamhuriyar Nijar kuwa, wadda ta yi iyaka da Jihar Katsina, tun daga wajen 1999 aka yaɗa wani tsari da taimakon Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Manoma sukan tara hatsinsu a siton ƙungiya, a rufe da kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya ɗaya na asusun ba da rance. Akan ba manomi rance a kan hatsinsa ya yi hidimar kaka. In farashi ya tashi sai ya biya bashin ya karɓi kayansa. Wannan tsari ya fi kusa da halin ƙauyuka irin Dudunni, domin ya haɗa buhunan ƙananan manoma har su cika sito, ya kuma magance buƙatar kuɗi da ke sa su sayar da wuri.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda gwamnati ta shiga harkar ajiyar hatsi tun daga 1977, da iyakar abin da rumbun Dutsinma ke ɗauka idan aka gwada shi da yawan jama'a. An kuma fayyace abubuwan da suka haɗu suka zama kuɗin ajiya a siton haya, da yadda manomi ke biyan su sau biyu, da kaka da kuma damina. Abin da aka fahimta shi ne, ƙarin manyan rumbuna a nesa ba zai canza wannan hali ba sai an samu ma'aji a kusa da manomi, tare da rancen da zai ba shi damar jira. A babi na gaba za a duba kalmomi da karin maganar da suka danganci rumbu da awo da sito a bakin mutanen wannan yanki.