Hutun lakwal ya zo: mu leƙa tafkin Madarunfa

Yara sun samu hutu, ƴan uwa na Kano, Kwatano da Faransa sun fara isowa gida, kuma kullum tambayar guda ce: ina za mu kai su shan iska? Mu dai amsarmu Madarunfa, kudu da Maradi, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba.

Yanzu ne lokacinsa. Da rani tafkin yakan ja da baya, amma in damina ta kankama gulbi ya kawo ruwa, sai ya cika ya bazu, gefensa ya yi kore shar. Da sassafe za ku iske masunta na fitowa da karfasa da tarwaɗa, balbela na bin shanu, ga shamuwa ta dawo. Ku nuna wa yaran birni gawo: shi da damina yake zubar da ganye, sauran itatuwa na tohowa.

Kewaye da tafkin akwai kaburburan da ake cewa na waliyyai 99 ne. Wurin ziyara ne, a shiga da ladabi, a tambayi mutanen gari kafin a ɗauki hoto.

Sai dai iyaye, don Allah a kula. Ruwan Agusta ba na wasa ba ne. Inda aka taka ƙasa da rani, yanzu yana iya shanye babban mutum. Kada yaro ya shiga wanka shi kaɗai, kada a cika jirgi fiye da kima. A kamo hanyar gida kafin magariba, sauro ya yi yawa bana kamar kowace damina.