Kulocin Mota Yakan Yi Gargaɗi Kafin Ya Mutu

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, motocin a-kori-kura ba su da sauran hutu. Masara da dawa da auduga ake labta musu daga gona zuwa kasuwar Dandume ko ta Bakori, galibi fiye da ƙima. A cikinsu har da tsofaffin Peugeot irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975. A irin wannan aiki kuwa, kuloci ne ke fara jigata.

Abin takaici shi ne direbobi da yawa ba su zuwa gareji sai mota ta tsaya cik da kaya a ranar kasuwa, alhali ta daɗe tana ba su alama.

Babbar alamar ita ce santsi, watau direba ya taka totur, injin ya yi ruri, amma mota ta ƙi ƙara gudu, musamman a hawa, wani lokaci har da ƙaurin ƙuna. Gwajinsa ba wuya. A fili inda ba kowa, sai a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a saki kuloci sannu a hankali. In injin ya mutu, farantin yana kamawa. In kuwa ya ci gaba da aiki, to, ya cinye. Ɗora ƙafa kan kuloci ana tafiya, da kokawar fita daga laka, su ne ke gaggauta cinyewarsa. Wani sa'in ma man injin ne ke yoyo a kansa, wanda in ba a toshe ba sabon farantin ma haka zai lalace.

Giyar da ke gurza ko ta ƙi shiga, musamman ribas, wannan wata cuta ce dabam. In tana shiga lafiya sa'ad da injin ke kashe, kuloci ne ba ya saki sosai. A nan ne akan yi wa mai mota asara, don sau da yawa mai ne ya tsiyaye ko iska ta shiga bututu, aikin da bai kai a sauke giyabos ba. Ya kamata bakanike ya fara duba wannan tukuna.

Ƙarar da ke tashi sai an taka kuloci kuwa, yawanci boris ne, shi kam ba makawa sai an sauke.