Maƙarƙashiya: ta gaske da ta ƙage

A duk ranar 5 ga watan Nuwamba, jama'a a Birtaniya kan hura wuta a filaye suna wasan tartsatsin wuta, domin tunawa da wata maƙarƙashiya da aka bankaɗo fiye da shekaru 400 da suka wuce.

A shekarar 1605 ne wasu mabiya ɗariƙar Katolika su 13, ƙarƙashin jagorancin Robert Catesby, suka ƙulla aniyar tarwatsa ginin majalisar dokokin Ingila a ranar da Sarki James na Ɗaya zai buɗe zamanta. Abin da ya tunzura su shi ne ƙuntatawar da hukuma ke yi wa mabiya ɗariƙarsu.

Sun jibge gangar albarushi 36 a wani ɗaki da ke ƙarƙashin zauren majalisar dattawa. Sai dai wata wasiƙa maras sa hannu da aka aika wa wani ɗan majalisar, Lord Monteagle, ana gargaɗinsa da ya ƙaurace wa zaman, ita ta tona asiri. Aka kama Guy Fawkes yana gadin albarushin, aka harbe Catesby bayan 'yan kwanaki, sannan aka kashe takwas daga cikinsu a watan Janairun 1606.

Kalma ɗaya, fuskoki da dama

Bahaushe bai kiran kowane ƙulli da suna ɗaya. Maƙarƙashiya shiri ne da wasu ke kitsawa a asirce domin kawar da wani. Zagon ƙasa aikin na jiki ne, mai dariya da kai yana haƙa maka rami. Tuggu kuwa tarko ne da ake haɗa wa mutum domin ya faɗa, yayin da ƙage ke nufin ɗora wa wani laifin da bai ji ba bai gani ba.

Tarihin Ingilar ya nuna muhimmancin wannan bambanci. A 1678, wani mai suna Titus Oates ya yi iƙirarin cewa 'yan Katolika na shirin kashe Sarki Charles na Biyu. Da yake jama'a ba su manta da batun albarushi ba, nan da nan aka gaskata shi, aka kashe fiye da mutane 20. Sai a 1685 aka same shi da laifin rantsuwa a kan ƙarya. Maƙarƙashiyar gaske ta share wa ta ƙage hanya ke nan.

A Najeriya ma

Najeriya ta ga fuskokin biyu. A ranar 13 ga watan Fabrairun 1976 aka harbe Janar Murtala Muhammad a Legas, kuma Laftana Kanar Buka Suka Dimka da bakinsa ya yi shelar juyin mulki a rediyo.

Amma a 1995, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ce ta gano wani shirin kifar da ita, a asirce kotun soja ta yi shari'ar. Aka ɗaure Janar Olusegun Obasanjo da Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya rasu a gidan yarin Abakaliki a watan Disambar 1997. Har yanzu mutane da dama na ɗaukar zargin a matsayin bi-ta-da-ƙulli.

Saboda haka idan aka ce an bankaɗo maƙarƙashiya, akwai tambayoyin da suka kamata a yi: wace hujja aka gani da ido, a ina aka yi shari'ar, kuma wa zai ci moriyar kawar da waɗanda ake zargi? A 1605 an ga albarushi. A 1678 kuwa, maganar baki kawai aka ji.