Gigin Tsufa: Garkuwar Jiya Ce Ta Zama Cutar Yau?

Idan dattijo ya fara mance sunayen 'ya'yansa, ko ya ɓace a unguwar da aka haife shi, akan ce gigin tsufa ne, a bar zancen nan. Amma mafi yawan irin wannan ruɗewa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana cikin 1906, kuma akwai hannun gado a cikinta.

Cikin 1993 masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna APOE4 tana ƙara haɗarin kamuwa da ita. A tsakanin Turawa, wanda ya gaje ta daga uwa ko uba haɗarinsa kan ninka wajen sau 3, wanda kuwa ya gaje ta daga dukansu biyu, fiye da sau 10.

To, abin mamaki shi ne wannan ƙwaya ita ce mafi tsufa cikin ire-irenta uku, kuma ta fi yawa a Afirka. Me ya hana ta ƙarewa tun zamanin kakanni? Masana na zaton ta daɗe tana biyan kuɗin zamanta, watau tana zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi cuta da wuri. A unguwannin talakawa na Fortaleza, ƙasar Brazil, an ga yaran da gudawa ta addaba, masu ɗauke da ita sun fi sauran kaifin fahimta. Cikin 2017 kuma aka sami irin haka ga kabilar Tsimane ta Bolibiya: manyan da tsutsar ciki ta yi wa yawa, masu ƙwayar sun fi riƙe hankalinsu. Inda aka sami ruwa mai tsabta da magani da tsawon rai, sai wannan zafin nama na garkuwa ya rasa abokin gaba, ya koma yana jawo kumburi a ƙwaƙwalwa. Labarin ya yi kama da na sikila, wadda gadonta daga gefe guda ke kare yaro daga zazzaɓin cizon sauro.

A nan gida, binciken da aka fara cikin 1992 ya gwada tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indianapolis. Cutar ta fi ƙaranci a Ibadan da kusan rabi, kuma tasirin APOE4 a kansu bai kai na 'yan'uwansu na Amurka ba.