Man Giyar Mota: Ba A Tuna Shi Sai An Ji Ƙara

A cikin hunturun bara, wata safiya da hazo ya lulluɓe Kano, na fito zan tafi wurin aiki. Na taka kuloci na nemi giya ta biyu, sai na ji wata ƙara kamar cokali ya faɗa injin markaɗe. Na sake lallaɓawa ta shiga, amma da gardama. Motar ƙarama ce mai kujera biyu irin ta 'yan tsere, ƙirar Mazda MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata, kuma ta sha duniya a can kafin ta zo hannuna. Abokan aikina sun daɗe suna yi mini tsiya, wai me ya haɗa magidanci da motar da ko buhun masara ba za ta ɗauka ba. Ban taɓa samun amsar da ta gamsar da su ba, balle uwargida.

Kamfanin Mazda na birnin Hiroshima ya fito da wannan mota a 1989, zuwa 2016 kuma ya ƙera guda miliyan ɗaya. Ba ƙarfin inji ne ya yi mata suna ba, don akwai motocin gida da suka fi ta. Abin da masoyanta ke yabo shi ne rashin nauyinta da daɗin giyarta ta hannu, wadda ke shiga cak kamar an murza ɗan makulli a sabon kwaɗo. Idan giyar ta lalace, abin da aka sayi motar dominsa ya tafi ke nan. Ga wata matsalar kuma: mai Corolla ko Golf zai iya shiga Ƙofar Ruwa ya fito da giyabos kafin azahar, ni kuwa sai an yi mini oda daga waje, da dala.

Bakanike na farko ko leƙa ƙarƙashin motar bai yi ba. Ya ce, "Dakta, kuloci ne, sai mun sauke giya." Na ce ya ba ni kwana biyu. Na biyun dattijo ne da ya tsufa a sana'ar. Ya zagaya da motar, ya dawo ya yi mini tambaya ɗaya: "Malam, yaushe rabonka da duba man giya?" Na yi shiru. Ni da nake juye baƙin man inji a kan kari, har ina rubuta kwanan wata a ɗan littafi, ban taɓa tunanin wancan man ba.

Ina jin ba ni kaɗai ba ne, kuma akwai dalili. Inji yana da sandar awon mai da kowane direba ya iya zarowa, yana da fitila da ke kamawa a gaban mai tuƙi idan mai ya gaza. Giyar hannu a yawancin motoci ba ta da ko ɗaya. Noti biyu ne kawai a jikinta, ɗaya a gefe na zubawa, ɗaya a ƙasa na tsiyayewa, kuma ba ka ganinsu sai ka shiga ƙarƙashin mota. Idan robar da ke tare mai ta fara yoyo, ɗigo-ɗigo zai riƙa zuba wata da watanni ba tare da kowa ya sani ba.

Aikin da ake nema daga wannan mai iri biyu ne, kuma suna karo da juna. Haƙoran giya da boris suna son santsi, don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Amma a tsakanin giyoyin akwai wasu zobba, galibi na tagulla, waɗanda aikinsu shi ne daidaita gudu. Duk lokacin da ka tura sandar giya, zoben ne ke fara damƙar giyar da kake nema, ya rage mata gudu ko ya ƙara, har gudunta ya yi daidai da na sandar da za ta haɗu da ita, sannan haƙora su shige ba hayaniya. Wannan zobe ba ya son santsi ya yi yawa, domin sai ya matse man ya kama kafin ya yi aikinsa. Ƙarar da na ji a safiyar nan ƙarar haƙora ce da suka haɗu kafin gudunsu ya daidaita.

A nan ne rubutun da ke jikin galan yake da muhimmanci, wanda yawancinmu ba ma karantawa. Cibiyar Man Fetur ta Amurka ta kasa man giya aji-aji, kuma biyun da aka fi gani a kasuwa su ne GL-4 da GL-5. Mai saye yakan ɗauka cewa biyar ta fi huɗu kyau, alhali aikinsu ne ya bambanta. An yi GL-5 ne musamman don aksul ɗin baya, inda haƙora ke gugar juna da matsi mai tsanani, saboda haka aka ƙara masa sinadaran farar wuta da fosfaras da yawa. Waɗannan sinadarai kan sa zoben tagulla ya kasa kamawa yadda ya kamata, wasu irinsu ma sukan ci tagullar idan mai ya yi zafi. Shi ya sa kamfanoni da dama ke cewa GL-4 za a zuba wa giyar hannu. Wasu motocin sun yarda da kowanne, wasu kuma man da ake zuba wa otomatik suke sha. Littafin motar ne alƙali.

Sai batun kauri. Littafin tawa ya ambaci 75W-90, kimanin lita 2. Lambar na iya ruɗar mutum ya zaci man ya ninka na inji kauri, alhali ma'aunin man giya daban yake da na man inji, kuma 75W-90 bai yi nisa da 10W-40 na inji ba wajen kauri. Mai lamba 140 kuwa, wanda ake zuba wa manyan motoci, wani abu ne daban. A safiyar hunturu yakan yi kamar zuma, zoben ya rasa yadda zai matse shi.

Dattijon nan ya tuna mini wani abu da ya ba ni haske. Tsararsa sun koyi aiki ne a kan Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, kuma giyar wannan mota baƙin man inji ake zuba mata, haka masu ita suka tsara. Wasu kuma a kan manyan motoci suka taso, inda mai kauri ne sarki. Kowa ya riƙe abin da maigidansa ya koya masa, ya koya wa yaransa, motoci suka sauya amma karatun yana nan. Ban ga laifinsu sosai ba. Laifin namu ne masu motocin, da muka iya karatu amma muke barin littafin mota a akwatin gaba har ya ruɓe.

Ga yadda ya yi aikin, ina tsaye a bakin rami. Ya sa na zagaya da motar kamar minti goma don man ya yi ɗumi ya saki jiki. Ya tsayar da ita daidai a kan ramin, ba karkace ba, domin awon ba ya yin gaskiya idan mota ta jirkice. (Wanda ba shi da rami kada ya kuskura ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.) Sannan ya fara kwance notin gefe, ba na ƙasa ba. Na tambayi dalili, ya ce ya sha ganin wanda ya tsiyaye mai tas, sannan notin zubawa ya ƙi kwantuwa, garin neman gira aka rasa ido. Ya zura ɗan yatsa a kafar. Ƙa'ida ita ce mai ya kai leɓen kafar na ƙasa. Yatsan ya fito a bushe.

Abin da ya tsiyayo bai fi lita ɗaya da 'yan kai ba, baƙi wuluk, mai kaurin gaske. Notin ƙasan yana da mayen ƙarfe a bakinsa. Ya nuna mini ɗan laushin toka-toka da ya manne, ya ce wannan ba komai, gutsattsarin ƙarfe ne abin tsoro, kuma babu su. Amma da ya karkata kwanon a rana, sai ga wani ƙyalli-ƙyalli ruwan zinariya yana yawo a cikin man. Mayen ƙarfe ba ya kama tagulla, don haka a kwano ake nemanta. Zoben giyata ta biyu ne nake kallo, ya zama gari. Da man ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, da ruwa ne ya shiga, abin da kan sami motoci masu ƙasa-ƙasa irin tawa idan an kutsa da su ambaliyar damina giyar tana da zafi.

Ya sa sabuwar washa ya ɗaure notin daidai ƙima, domin jikin giyar alminiyom ne, wanda ya nuna masa ƙarfi zai cinye zaren. Da ɗan famfon hannu ya tura sabon man ta kafar gefe har ya fara dawowa, ya jira ɗigon ya tsaya, ya rufe. Galan ɗin ni na sayo shi a rufe, a gabana aka ɓalle murfin, saboda jabun mai ba labari ba ne a kasuwanninmu. Tsohon man kuma muka juye a jarka maimakon kwata.

Giyar ta yi laushi tun kafin na fita daga garejin, kuma kuɗin da na kashe bai kama ƙafar na sauke giya ba. Na ɗaukar wa kaina duba man sau biyu a shekara, bayan damina da kafin bazara, in kuma sauya shi duk shekara biyu, la'akari da zafi da ƙurar garinmu. Sai dai sabon mai ba ya mayar da tagullar da ta riga ta zube. Har yanzu idan sanyi ya tsananta da asuba, sai na ɗan dakata tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu kafin ta yarda ta shiga. Dattijon ya ce in na ci gaba da lallaɓa ta za ta kai ni wasu shekaru, amma in fara tambayar farashin zoben tun yanzu.