Tsufa da kuɗin magani a Tarka: wa zai cike giɓin?

A ƙaramar hukumar Tarka, cikin ƙasar Damargu, dattijon da ciwo ya kama yakan fara da likitar Balbaji. In abin ya yi tsanani sai a tura shi Tanut, ko babban asibitin Damagaram. Kafin ya ga likita, kuɗin mota da na masu jinya sun riga sun ci rago ko buhun hatsi.

Tun shekara ta 1995, bisa tsarin Bamako na 1987, doka ta ɗora wa majinyaci biyan wani kaso na kuɗin magani a Nijar. A 2005 da 2006 gwamnati ta yafe kuɗin tiyatar haihuwa, da awon ciki, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma tsofaffi ba su shiga ba. A 2024 an rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Sai dai ragin bai kai ga maganin da ake saye a kanti ba, alhali hawan jini da ciwon suga kowane wata suke neman kuɗi.

Ma'aikacin gwamnati, baitulmali ke ɗaukar masa kashi 80 cikin 100 na kuɗin asibiti, sauran kuwa daga aljihunsa. Asusun CNSS yana biyan fansho da diyyar haɗarin aiki, ba shi da reshen inshorar ciwo. Ɗan kasuwa da makiyayi kuwa, dogaronsu ga Allah ne da dangi.

Nan ne inshorar cike giɓi take da amfani: mutum ya riƙa zubi yana da lafiya, ranar ciwo a biya masa abin da gwamnati ta bari. Amma kamfanonin inshora galibi a Yamai suke, sun fi hulɗa da manyan ma'aikatu, kuma kuɗin zubinsu yana hauhawa da shekarun mutum.

Hanyar da ta fi kusa da Tarka ita ce asusun taimakon juna na lafiya, wanda dokar 2008 ta ba shi gurbi. Tsarinsa bai yi nisa da adashe ba. Ƙarfinsa na ga yawan masu zubi: in tsofaffi kaɗai suka shiga, asusu ya ƙare tun kafin damina.

Saboda haka, kafin magidanci ya sa wa mahaifinsa hannu, ya kamata ya tambaya: akwai iyakar shekaru? Ana biyan ciwon da mutum ya shigo da shi? Wata nawa ake jira kafin a fara amfana? Akwai kuɗin kai majinyaci Damagaram? Hausawa dai sun ce tun ran gini ran zane.